Bismilla a Jikin Kwalba

Zan fara da abin da ya fi mini nauyin faɗa. Tun daga babbar Salla har damina ta kankama ban taka ɗakin ƙanwata Hajo ba, alhali tana kwance da ciwon ƙirji, kuma tsakanin gidana a Ƙofar Kuyambana da nata a Kwarbai ba tafiyar da za ta gajiyar da mutum ba ce. Ba faɗa muka yi ba. Duk wanda ya tambaye ni jikinta nakan ce da sauƙi, kamar wanda ya fito daga wurinta yanzu. Abin da ya hana ni zuwa wata kwalba ce da ke ajiye a alkukin bangon ɗakinta, domin rubutun da ke kan takardar jikinta nawa ne.

Sunana Jibril. Sana'ata juya littattafai da hannu, wato kwafar su, ita na gada wurin mahaifinmu, wanda ya koya mana haruffa ni da Hajo a kan tabarma ɗaya. A shekarun da aka daina kashe fam da sule aka koma naira aikin ya ja baya, saboda littattafan ɗab'i sun cika kasuwa. Sai dai masu maɗaba'a sun lura cewa mutanen birni sun fi sakin jiki da rubutun hannu irin namu na gida. Don haka sukan kawo mini aiki in rubuta shafi ɗaya, su ɗauki hotonsa, injin ya buga musu iya yadda suke so.

Ta wannan hanya Alhaji Dogara ya same ni. Ɗan kasuwa ne mai haɗa wani maganin tari a can wajen gari, ya sa masa suna Garkuwar Ƙirji. Ya zo zaurena da kwalba ɗaya mai ruwa baƙi-baƙi, ya nuna mini cewa an riga an shirya gefen Turanci na takardar, saura gefen Ajami. Ya zauna yana faɗa ina rubutawa: wai maganin yana raba mutum da tari kowane iri, sabo da tsoho, har da tarin fuka mai sa tofar da jini, kuma wai wanda ya riƙe shi ba ya bukatar allura. Ban tambaye shi abin da ke cikin kwalbar ba, ban kuma tambaye shi ko wani ya taɓa warkewa ba. Na gaya wa kaina cewa mai juya littafi ba ya neman hujja wurin mai littafi, abin da aka ba shi yake rubutawa.

Amma akwai abin da Dogara bai faɗa ba, ni na ƙara. Tun ina yaro hannuna bai taɓa buɗe shafi ba tare da Bismilla ba. Kafin in yi tunani na riga na ɗora ta a sama, na yi mata wasali da jar tawada, na kewaye gefen takardar da zayyana irin wadda nake yi wa littafin addu'o'i. Dogara ya ɗaga takardar ya daɗe yana kallo. Ya yi murmushi, ya ce kada in taɓa komai, haka yake so.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi da kwalaben suka fito. Nakan bi ta gaban shagon magani na Bahago a Ƙofar Galadima ba don wata bukata ba, sai don in ga hannuna jere a kanta.

A lokacin Hajo ta riga ta fara tari. Mijinta ya rasu, 'yarta Batulu ce ke jinyarta, ita ta kai ta asibitin Wusasa, aka duba ƙirjinta aka ce tarin fuka ne. Aka sa mata allura da ƙwayoyi, aka gaya mata cewa magani ne na dogon lokaci, fiye da shekara, kuma ba a tsayawa a tsakiya ko da mutum ya ji sauƙi. Allurar tana sa ta jiri, hanyar tana gajiyar da ita. Wata rana wata maƙwabciya ta kawo mata Garkuwar Ƙirji. Hajo ba ta karanta boko, amma ta juya kwalbar ta ga Ajami, kuma ba ta bukatar kowa ya gaya mata ko hannun wane ne. Ta sha, tarin ya lafa mata, ta yi barci. Daga wannan makon ba ta sake komawa Wusasa ba.

Ranar babbar Salla na je gaishe ta. Na same ta ta rame, amma fuskarta a sake. Ta sa Batulu ta sauko da kwalbar, ta riƙe ta da hannu biyu, ta ce tun ranar da ta ga rubutun ta san Allah ya kawo mata mafita ta hannun ɗan'uwanta. Ta ce yadda nake ja wutsiyar harafi ba ta bambanta da ta Baba ba. Batulu tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona, tana jiran in ce wani abu. Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Na ci naman da aka kawo mini, na fito. Tun daga ranar ƙafata ta ƙi hanyar Kwarbai.

A cikin waɗannan shekaru ne gwamnatin soja ta kafa doka a kan abinci da magunguna, wadda ta hana kowa rubuta a jikin magani cewa yana warkar da wasu manyan cututtuka, tarin fuka na cikinsu. Mun ji a rediyo, muka ɗauka magana ce ta Legas da Kaduna. Sai bayan Mauludi muka ga motar ma'aikatar lafiya ta tsaya a Ƙofar Galadima, da 'yan sanda biyu da wani jami'in duba magunguna mai suna Rufus, Kirista mutumin Wusasa. Suka kwashe duk Garkuwar Ƙirjin da ke shagon Bahago da sauran shagunan birni. Umurnin da aka ba su shi ne su farfasa kwalaben a gaban jama'a, su binne a wani rami da ke bayan ganuwa inda ake zubar da shara, domin kowa ya gani ya sani.

Ina can bayan taro, na ja rawanina har kan hanci. Ɗan sanda ya ɗauki kwalbar farko zai jefa, sai wani tsoho ya riƙe masa hannu, ya tambaye shi ko ya san abin da ke rubuce a kai. Gunaguni ya tashi. A birninmu ko guntun takarda mai harafin Larabci mutum ya gani a ƙasa yakan ɗauka ya soke a tsagar bango, balle mai ɗauke da sunan Allah, balle a jefa ta cikin juji, kuma da umurnin wanda ba Musulmi ba. Ba wanda ya yi maganar abin da ke cikin kwalbar. Kowa takardar yake karewa.

Rufus bai ɗaga murya ba. Ya karɓi kwalbar daga hannun ɗan sandan, ya goge ta da hannun rigarsa, ya mayar cikin kwali. Ya ce wa mutane suna da gaskiya, ba za a jefa ba. Ya roƙi mai unguwa ya ajiye kwalayen a zaurensa ya kulle. Sannan ya tambaya ko an san wanda ya yi rubutun. Ba wanda ya waiwayo, amma na san sunana ya fita daga bakuna da yawa.

Washegari da hantsi Rufus ya yi sallama a zaurena. Mutum ne mai furfura kamar ni, ya cire takalmi ya zauna a ƙasa. Bayan gaisuwa ya fito da kwalbar ya karanta gefen Ajamin daga sama har ƙasa, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ya ga mamaki a fuskata ya ce kakansa malami ne a cikin birnin nan kafin ya koma Wusasa, kuma a gidansu ba a yar da haruffan ba. Daga nan ya juya kwalbar ya fassara mini gefen Turancin. Ba tarin fuka a ciki, ba maganar allura. Abin da aka rubuta kawai shi ne yana sanyaya maƙogwaro. Dogara ya lissafa cewa ma'aikatan gwamnati gefen nan kaɗai za su karanta, shi ya sa ya ajiye ƙaryar gaba ɗaya a gefena.

Rufus ya ce an kai maganin ɗakin gwaji. Ruwa ne da sukarin da aka ƙona, da ɗan na'ana'a, da wani abu mai kwantar da tari ya sa barci. Tarin yakan yi shiru, ciwon kuwa yana ci gaba da cin huhu. Dogara yana gaban majistare. Ni doka ba ta nema na, domin ba ni na haɗa ba, ba ni na sayar ba.

"Abu ɗaya na zo roƙo, Malam," in ji shi. "Ni ba zan iya taɓa takardun nan ba, gari zai tashi. Kai ka ɗora sunan, kai za ka iya sauke shi yadda ya dace."

Na amsa da sauri, har na ji wani sanyi a raina cewa abin da ake nema daga gare ni bai wuce wannan ba. Ya tashi ya sa takalmi ɗaya, sannan ya tsaya. Ya ce matarsa Dina nas ce a sashen masu ciwon ƙirji, kuma tana da mutane da dama da suka daina zuwa tun da maganin nan ya shigo. Wasu sun dawo da suka ji labarin kamen. Akwai wata mata a Kwarbai da ba ta dawo ba.

"Mu iyakarmu shago da kasuwa," ya ce. "Takardar ikon da aka ba ni ba ta wuce zaure. Abin da ke ɗakin mata sai na gida."

Bai ambaci sunanta ba, ni ma ban ambata ba. Na raka shi har bakin hanya ina yi masa godiya.

Ranar da aka sa, aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gidan mai unguwa, aka kawo manyan daro cike da ruwa. Muka jiƙa kwalaben, ina ɓare takardun ɗaya bayan ɗaya ina shanyawa a kan sabuwar tabarma. Bahago yana gefe, an kwashe masa kaya amma bakinsa bai mutu ba. Ya ce da ya san tawadata ce ke sayar da maganin, da ita zai riƙa ɗurawa a kwalba ya huta da Dogara. Ya ce wa Rufus ya duba da kyau, kada gwamnati ta tafi ta bar babban mai laifi, wato alƙalamin Malam. Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Da takardun suka bushe na ƙona su a cikin sabon kasko, na haƙa rami a wuri mai tsarki kusa da masallaci na binne tokar. Sannan 'yan sanda suka tafi da kwalaben tsirara bayan ganuwa suka farfasa, ba wanda ya ko bi su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka yaba mini. Aka ce Malam ya kuɓutar da sunan Allah daga juji. Aka ce Dogara macuci ne, ya yaudari bawan Allah. Tsohon nan da ya riƙe hannun ɗan sanda ya matso ya roƙe ni in bar masa takarda ɗaya ya ajiye don albarka. Na hana shi, amma ban gaya masa dalili ba. A gaban wannan taro duka ban buɗe baki na ce abin da na rubuta ƙarya ne ba. Na bar su suka ɗauka girmamawa ce ta kawo ni.

Na koma gida ina gaya wa kaina cewa na yi abin da ya wajaba, kuma labari zai kai wa Hajo ba sai na je ba. Labari kuwa ya kai mata. Amsar da ta bayar ita ce, gwamnati ba ta taɓa son maganin talaka ba, kuma da akwai aibi a ciki da Yayanta ya zo ya gaya mata da bakinsa. Tun da bai zo ba, babu. Wannan amsa ta dawo mini ta bakin matata, na ji ta sarai, na kuma ci gaba da zama. Kullum da safe nakan ce yau, in na yi sallar la'asar in ce gobe. Na san abin da zan faɗa. Abin da na kasa shi ne tsayawa a gaban wadda ta ce hannuna irin na Baba ne, in gaya mata abin da na yi da hannun.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa. Wata safiya bayan an kwana ana yayyafi Batulu ta shigo zaurena. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ta saba, amma ba ta tashi ta shiga cikin gida wurin matata ba. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da wani tsumma ta shimfiɗa a gabana, kusa da kwalbar tawada. Akwai jini a jiki, wani ya bushe, wani bai gama bushewa ba.

Ta ce maganin ya ƙare tun tuni, tun da ba a sayarwa. Yanzu ruwan randa uwarta ke zubawa a kwalbar, ta girgiza, ta sha cokali safe da yamma, tana cewa albarkar tana jikin rubutun. Ta ce Dina ta aiko sau biyu cewa har yanzu in an dawo da ita akwai abin da za a iya yi, amma ba za a daɗe ana faɗin haka ba.

"Kawu, na yi magana har na gaji," in ji Batulu, idonta a ƙasa. "Ni 'yarta ce, ba ta jin tawa. Ba cewa na yi ka yi mata wa'azi ba. Ka zo kawai ta gan ka."

Na ce ta yi gaba ina zuwa. Ta ce za ta jira. Ta zauna nan bakin zaure har na sa riga.

Muka bi lunguna muna tsallake ruwan da ya kwanta, tana gaba ina biye kamar baƙo. Ɗakin Hajo yana warin danshi da na'ana'a. Tana jingine da bango, wuyan hannunta ya koma kamar na yarinya. Da ta gan ni ta yi ƙoƙarin gyara zama, ta ce wa Batulu ta kawo wa Yaya buzun Baba. Ba ta tambaye ni inda na shige ba. Ta ce ta san aiki ne ya yi mini yawa, ta ji har gwamnati ta nemi taimakona.

Na zauna. Kwalbar tana alkuki, an ɗora ta a kan wani farin ƙyalle, sama da komai na ɗakin. Na ce a sauko mini da ita. Takardar ta yi laushi saboda yawan shafawa, jar tawadar ta koɗe.

"Hajo," na ce, "abin da ke rubuce a nan ba gaskiya ba ne. Ni na rubuta. Wani ya faɗa mini na rubuta, ban san abin da ke ciki ba, ban kuma tambaya ba. Ruwan sukari ne. Ba ya warkar da ciwonki."

Ta dube ni, ta dubi kwalbar. Tari ya taso mata, muka jira har ya lafa.

"Amma ka sa Bismilla, Yaya."

"Na sa. Ba wanda ya ce in sa. Sabo ne na hannu."

"Ran Salla da na nuna maka, ka sani?"

Na ce a ranar ban san abin da ke ciki ba, amma na san ban sani ba, kuma na ga ta bar asibiti saboda ni, na yi shiru. Na ce bayan an gaya mini gaskiya ma na ƙara yin shiru har yau.

A waje wata mata tana daka, kaza tana ta kiran 'ya'yanta a gindin randa. Na so Hajo ta yi faɗa, da ya fi mini sauƙi. Ba ta yi ba. Ta kawar da fuskarta wajen bango, ta ce ita duk watannin nan in tarin ya hana ta sakat takan ɗauko kwalbar ta karanta layin farko, ta ji kamar muna zaune a zauren Baba. Ta ce ba ta taɓa wuce layin farko da wani dogon tunani ba, tun da ta ga wanda ya rubuta.

Sannan ta kira Batulu, ba tare da ta juyo ba, ta tambaye ta ko matar nan ta Wusasa za ta yi mata faɗa. Batulu ta ce za ta yi, amma kaɗan. Hajo ta ce to a nemo mota gobe da sassafe, kuma a gaya musu su canja mata wajen allurar, wancan gefen ya gaji.

Ta miƙo hannu ta turo kwalbar gabana da yatsu biyu.

"Cire sunan Allah tukuna," ta ce. "Sauran Batulu ta zubar."

Na nemi ruwa, Batulu ta kawo a ƙaramin kwano. Na tsoma babban yatsana na jiƙa gefen takardar, na jira ta sha, sannan na sa farce a kusurwar sama, inda na fara rubutun, na soma ɓarewa a hankali don kada ta yage.